Mangwaron Gidan Barnaba

A wani ƙauye na bakin rafi an yi wani mutum mai lambu, sunansa Barnaba. Shi ba mai arziki ba ne, ba kuwa matalauci ba. Abu biyu ya gāda wurin mahaifinsa: wani babban itacen mangwaro a tsakiyar lambu, da sana'ar aurar da itatuwa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda sana'ar take. In ka binne ƙwallon mangwaro ya tsiro, kome daɗin uwar da ta haife shi, ba ka da tabbacin abin da zai ba ka. Sau da yawa 'ya'yansa kan fito ƙanana, masu tsami, cike da zare mai maƙalewa a haƙori. Don haka masu lambu sukan jira dashen ya kai kaurin yatsa, sa'an nan su sa wuƙa mai kaifi su yanke kansa, su tsaga shi. Su yanko ɗan reshe daga itacen kirki, su fiƙe gindinsa, su cusa cikin tsagar, su ɗaure da tsumma, su shafe da kakin zuma don kada ruwa ya shiga. In Allah ya sa ya kama, saiwa tasa ce, amma 'ya'yan da zai yi na itacen kirkin ne. Wannan shi suke kira aure. Yana kuwa da lokacinsa, wato farkon damina, sa'ad da ɓawo ya yi laushi, ruwa ya hau jikin itace. In lokacin ya wuce, sai baɗi.

Itacen da Barnaba ya gāda ba irinsa a duk yankin. Mahaifinsa ne ya kawo reshensa daga wata ƙasa mai nisa tun yana saurayi, ya aurar da shi da hannunsa. 'Ya'yansa manya ne, guda yakan cika tafin hannu biyu, ba zare ko kaɗan, in ka yanka kamar ka yanka gwanda. In guda ya nuna a ɗaki, wanda ke ƙofar gida zai ji ƙanshinsa. Mutane ba su san wani suna nasa ba, sai su ce, "Na gidan Barnaba."

A shekarar da tsohon ya rasu, Barnaba yana da 'ya'ya huɗu, duk ƙanana. Babbansu Gidiyon bai daɗe da fara fidda haƙoran yarinta ba, autan kuwa yana goye. Da bazara ta yi, itacen ya zuba 'ya'ya, Barnaba ya zaɓi ƙwallaye huɗu masu kyau, ya binne su a jere a bayan gida wajen rafi. Ya ce wa matarsa Rahila, kowane yaro da nasa. Abin da kakansu ya bari, shi ne zai zama gādonsu.

Kada kowa ya ce Barnaba ya yi sakaci da dashen nan. Ya kewaye su da ƙaya saboda awaki. Ya zuba musu taki. Da rani, kafin ya fita, sai ya ɗebo ruwa daga rafi ya ba kowanne, ko da kafaɗarsa na ciwo. Suka tsiro, suka yi ganye ja mai laushi, ganyen ya zama kore, suka miƙe tsaye kamar yara masu lafiya. Abu ɗaya kaɗai ya rage, a aurar da su.

To, amma hannun Barnaba yana da albarka, labari kuwa ya bazu. In wani ya aurar da goma biyu suka kama, shi in ya yi goma da ƙyar ɗaya ya ƙi. Da an yi ruwan fari, ƙasa ta yi ƙanshi, sai ka ga 'yan aike a ƙofar gidansa tun da safe. Wannan daga ƙauyen gabas, wancan daga hayin rafi, wani kuma ya ce dagacinsu ne da kansa ya aiko shi. Barnaba ba ya iya cewa a'a. Sai ya hau itacen mahaifinsa ya yanko rassa mafi kyau, ya ɗauki wuƙarsa da kakinsa ya tafi. In da sauran 'ya'yan itacen a lokacin, yakan cika jaka da manyan, don mutanen can su ɗanɗana su san abin da za su samu. Yaran gida kuwa sai abin da ya faɗo ya fashe, ko wanda tsuntsu ya fara.

Duk inda ya je ana shimfiɗa masa tabarma, a yanka masa kaza. Yakan durƙusa gaban dashen mutane da haƙuri, ba gaggawa, yana yi yana bayani. In mai lambu ya ce ai nasa ƙwallon mangwaro mai daɗi ne, ba sai an aurar ba, sai Barnaba ya girgiza kai ya ce masa kada ya ruɗi kansa, daɗi ba ya bin ƙwallo, sai an sa wuƙa. Mutane su ce, lalle wannan ya san itace.

Yakan dawo gida a gajiye, da kaza a rataye, damina ta yi nisa, ɓawo ya fara tauri.

Shekarar fari Rahila ta ƙyale shi. A ta biyu, da ta ga yana wasa wuƙa zai fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

Ta ce, "Maigida, na yaran nan fa sun isa."

Ya ce, "Na sani. Na gida ai ba sa gudu. Bari in sallami mutanen hayi, in na dawo sai in zauna musu a natse."

Bai yi ƙarya da gangan ba. Har cikin ransa yana nufin ya yi. Yana so ne ya yi wa nasa aiki mafi kyau, ran da ba kowa a ƙofa, ran da hankalinsa ke kwance. Irin wannan ranar kuwa ba ta zuwa a farkon damina.

Yana da wani ɗan kawunsa, abokin wasansa, ana ce masa Sila, mai lambu a can ƙasan rafi. Barnaba ne ya aurar masa da itatuwansa duka. Wata rana Sila ya biyo ta bayan gida, ya tsaya yana kallon jerin nan huɗu, ya kama ɗaya da hannu, ya ga yatsunsa da ƙyar suke haɗuwa.

Ya yi dariya ya ce, "Kai Barnaba, waɗannan tuzurai fa? Ka aurar da na duniya duka, naka sun tsufa a gida. Ko in zo in yi maka ne, ka yanka mini kaza?"

Barnaba ya ce masa wanda bai iya fere rake ba, ina shi ina wuƙar aure. Suka yi dariya tare. Amma da Sila ya matsa masa, sai Barnaba ya ce, "Ƙwallon itacen Baba ne fa. Ko ba a taɓa su ba, ba za su yi nisa da uwarsu ba."

Maganar ta fito daga bakinsa, shi kansa ya ji ta. Ita ce maganar da yake hana mutane faɗa. Sila ya dube shi, ya wuce.

Damina ta bi damina. Itatuwan suka wuce tsawon mutum, suka wuce katanga. Rahila ta yi magana har ta gaji, ta bari. Yaran suka saba, in an yi ruwan fari babansu ba na gida ba ne.

Ana nan sai babban itacen ya fara ciwo. Reshe ɗaya ya bushe daga sama, ƙaro ya riƙa tsatsowa daga gindinsa. Ashe gara ta daɗe tana cin cikinsa, waje lafiya, ciki rami. Barnaba ya zuba toka, ya tona, ya yi duk abin da ya sani. A lokacin ma da ya yanko ko reshe ɗaya ya kai bayan gida, da wani abu ya tsira a gidan. Amma a ransa yana cewa itacen zai farfaɗo, itacen da ya girme shi ba ya mutuwa haka kawai. Kafin wata daminar ta zo, ganye ya kaɗe duka. Iskar farkon ruwa ta kwantar da shi da rana tsaka, ana ji ana gani. Rahila ta yi wata da watanni tana girki da itacensa.

Bayan wannan ne na bayan gida suka yi furen fari. Barnaba ya riƙa zagayawa yana dubansu safe da yamma. Ya ga 'ya'yan sun fito ƙanana, ya ce ai haihuwar fari ce. Ya ga sun yi tsini a baki, ba irin na uwarsu ba, ya kau da kai. Da suka nuna, ya tsinko ɗaya daga itacen Gidiyon, ya zauna a gindin, ya fitar da wuƙa.

Tun wuƙar ba ta kai ƙwallo ba ya sani. Ya ji tana jan zare. Ya kai bakinsa duk da haka. Tsami ya kama masa muƙamuƙi, wani wari kamar na ƙaro ya hau masa hanci. Ya tashi ya tsinko na itace na biyu, da na uku, da na huɗu. Na uku ya ɗan fi zaƙi, amma duk ƙwallo ne da zare. Ba ko ɗaya da ya ɗauko uwarsa.

Rahila ta same shi zaune, ɓawo zube a gabansa, yana zare zare daga haƙoransa. Ta ɗauki guntun ta lasa, ta ajiye. Ba ta ce na faɗa maka ba. Ta tambaye shi kawai ko akwai abin da za a iya yi yanzu.

Akwai. Barnaba ya sani. Itacen da ya girma ana iya aurar da shi, amma ba da ɗan yanka ba. Sai an sare manyan rassansa duka a bar shi gundul, a cusa sababbin rassa tsakanin ɓawo da itace. Wani ya kama, wani ya mutu. Kuma duk wanda ya bi hanyar rafi zai ga kututture huɗu tsirara a bayan gidan Barnaba, ya san dalili. Ban da haka, reshen kirki ba ya gidansa kuma. Sai ya je ya roƙa a lambun wani.

Rahila ta ce, "To ka je ka roƙa. Ai kai ka ba su."

Ya ce, "Da wane ido? Ni da nake koya wa mutane?"

A nan ne Barnaba ya yi abin da ya fi na fari muni. Maimakon ya ɗauki gatari, sai ya ƙara wa shinge tsawo ta wajen hanya. In an tambaye shi labarin itatuwan yaransa, ya ce suna nan, suna tasowa. In baƙo ya zo a lokacin mangwaro, ya zaunar da shi a zaure, ba ya bari ya zaga baya. Ya ci gaba da yawon aure, yana yankan reshe daga itacen wannan ya kai wa wancan, ana ci gaba da yanka masa kaza. Kowace shekara yana cewa baɗi. Kowace shekara gindin itatuwan na ƙara kauri.

Yara kuwa yara ne. Abin da suka samu a bayan gidansu shi suka sha. Da fari suna yamutsa fuska, daga baya suka iya shi: su murza shi a hannu har ya yi laushi, su huda baki su tsotse. Suka yi lilo a rassansa, suka yi wasa a inuwarsa, suka girma. Na tsakiya biyu, 'yan mata, suka yi aure a garuruwa masu nisa. Autan ya tafi birni neman aiki, zuwansa gida ya zama sai an yi rasuwa. Gidiyon ne ya zauna, ya yi iyali, ya gina ɗakunansa a jikin inuwar itacensa.

Tsufa ya zo wa Barnaba ta ido da hannu. Hazo ya rufe masa gani, hannun dama ya fara rawa. 'Yan aike suka ragu, suka daina zuwa. Da ƙofar gida ta yi shiru, sai ya sami ranar nan da yake jira tun yana da ƙarfi, ranar da ba kowa, ba gaggawa. Kunyar ma ta gaji ta sake shi, don ba sauran wanda zai ɓoye wa.

Da aka yi ruwan fari ya ɗauki sanda ya gangara lambun Sila. Ya shiga ƙarƙashin itatuwan da ya aurar da hannunsa, sun zama manya, ƙanshin da ya sani tun yana yaro ya tarye shi. Ya tsaya ya dafa sanda. Sila ma ya tsufa. Ya dubi fuskar abokin wasansa, ya ga yau ba ranar wasa ba ce. Bai bari ya roƙa ba. Ya yanko masa rassa masu kyau, ya naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ya haɗa masa da mangwaro guda babba daga na ƙarshen bazara. Ya gargaɗe shi kada ya bari su kwana da yawa, reshe yankakke ba ya jira.

Barnaba ya dawo ya sami Gidiyon a inuwa yana gyaran garma. Ya zauna kusa da shi, ya yi masa bayani duka, tun daga kakansa da ƙasa mai nisa har zuwa garar da ta ci itacen. Bai taɓa ba shi labarin nan a zaune ba sai ran nan. Ya ce abin da yake so shi ne Gidiyon ya ɗauki gatari ya sare rassan, tun da shi hannunsa ba ya iyawa. Sa'an nan ya yanka mangwaron da ya kawo, ya miƙa masa.

Gidiyon ya karɓa da hannu biyu, don yaro ne mai ladabi. Ya sha, ya goge bakinsa.

Ya ce, "Da daɗi, Baba. Wannan ai na gidan Baba Sila ne."

Barnaba ya ce, "Na gidan nan ne. Na kakanka ne. Naka ne."

Gidiyon ya ɗaga kai ya dubi itacensa. Can ya ce, "Ban ƙi maganarka ba, Baba. Amma ni ban san shi ba sai fasassunsa muna yara, su ma na manta. Wannan na sama shi na sani, da shi na girma, 'ya'yana ma shi suke sha, ba wanda ya mutu. In na sare, ina za mu zauna da rana? Kai da bakinka ka ce zai iya mutuwa. Da tun muna yara ka yi, da ba mu san wani ba sai shi. Yanzu kam ka bar mana abinmu."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi sauƙi.

Barnaba ya tambaya ko za a taɓa na sauran. Gidiyon ya ce na 'yan matan ba nasa ba ne da zai sare. Autan kuwa, da ya zo gida bara aka yi zancen itacensa, cewa ya yi a sare, a ƙona, a bari, duk ɗaya ne a wurinsa, shi ba mangwaro zai dawo da shi ƙauye ba. Wannan ta fi ta Gidiyon zafi a kunnen tsohon.

Ya tashi ya lallaɓa zuwa itacen autan, ya nemi wani ƙaramin reshe na ƙasa wanda hannunsa zai kai. Ya sa wuƙa, hannun ya yi rawa, yankan ya karkace. Ya sāke, ya karkace. Ya cusa haka nan, ya ɗaure, ya shafa kaki. Ya riƙa zuwa yana shafa wurin da yatsa, yana jiran toho. Amma manyan rassa sun rufe sama, rana ba ta kaiwa, ruwan itacen duka can yake tafiya. Da ya kwance tsumman, reshen ya yi baƙi, ya karye a hannunsa kamar tsinke. Sauran da ke cikin jiƙaƙƙen tsumma sun riga shi bushewa.

Jikokinsa, in sun tsotse mangwaro, sukan jefa ƙwallon a juji kusa da shinge. Da damina ta zauna, ƙwallayen suka tsiro da yawa, masu ƙarfi, masu ganye ja mai laushi. Da wata daminar ta kewayo, sun kai kaurin yatsa, Rahila ta tarar da shi durƙushe a jujin, yana lalubensu ɗaya bayan ɗaya. Suna daidai lokacin da ake aurar da su. Wuƙar na hannunsa, hannun na kaɗawa, ba ya ma ganin inda zai yanka. A duk gidan kuwa ba wanda ya koya wa sana'ar. Ta kama shi ta tashe shi, ta kai shi inuwa.

Ga ma'anar misalin nan, ya ku iyaye, da ku da kuke hidima a gidan Ubangiji.

Babban itacen nan shi ne bangaskiyar da iyayenmu suka karɓa, waɗansu da wahala, waɗansu da kora daga dangi, suka kawo ta gida. Ƙwallayen su ne 'ya'yanmu. Daga jikinmu suka fito, sunanmu suke amsawa, amma bangaskiya ba ta bin jini. Ɗan dattijon ikkilisiya ba a haifarsa mai bi. Ɗan mawaƙiya ba ya fitowa daga ciki da ƙaunar Yesu. Kowane yaro sai an haɗa shi da Almasihu shi kansa. Allah ne mai sa ya kama, amma hannun da ya ba wa aikin, hannun uwa da uba ne.

Shinge da taki da ruwa su ne abinci, da sutura, da makaranta, da magani. Barnaba bai gaza a nan ba, yawancinmu ma ba mu gaza ba. Shi ya sa muke ruɗuwa. Mukan ga yaro ya yi tsawo, ya yi lafiya, yana gaishe da mutane, yana bin mu sujada ran Lahadi, sai mu ce ai lafiya. Itacen da ba a aurar ba shi ma kore ne shar. Ba a ganewa a ganye. Sai ran da ya haihu, ran nan kuwa lokaci ya riga ya yi nisa.

Ku lura, ba mashaya ce ta ɗauke Barnaba daga gidansa ba, ba caca ba. Aikin kirki ne ya ɗauke shi. Wannan shi ne abin tsoro. Akwai uban da ya zaga ƙauyuka da wa'azi, mutane da yawa suka tuba ta bakinsa, amma ɗansa bai taɓa jin ya kira sunansa cikin addu'a ba. Akwai uwar da ba ta fashin zumuntar mata, ita ce ta'aziyya, ita ce gaishe da marasa lafiya, amma 'yarta ba ta taɓa zama kusa da ita ta ji yadda ta sadu da Mai Ceto ba. Akwai malamin da yake haƙuri da 'ya'yan mutane a aji, yana amsa tambaya ɗaya sau da yawa da murmushi, in ya dawo gida nasa ya yi tambaya sai tsawa. Manyan 'ya'yan itace a jaka zuwa waje, fasassu a bar wa na gida. A waje ana yaba mana. A gida ba mai yabo, don haka muke cewa na gida ba sa gudu. Gaskiya ne ba sa gudu. Girma suke yi.

Sa'an nan ga kunya. Da yawa cikinmu mun riga mun ɗanɗana, mun san abin da ke bayan gidanmu. Mun ji irin maganar da ke fita daga bakin yaron, mun ga ba ya buɗe Maganar Allah, mun ga zuwansa sujada don idonmu ne kawai. Maimakon mu je wurin ɗan'uwa mu ce taimake ni, gidana ba lafiya, sai mu ƙara wa shinge tsawo. In an tambaye mu, mu ce suna nan lafiya, mun gode Allah. Muna tsare sunanmu, muna hasarar 'ya'yanmu.

Abin da ya fi ciwo shi ne amsar Gidiyon. Bai zagi ubansa ba, bai ce mangwaron kakansa ba daɗi. Cewa ya yi na gidan wani ne. Haka waɗansu 'ya'yanmu suke kallon bangaskiya yau. Ba sa gāba da ita. Suna ganinta abu mai kyau, na waɗansu mutane. Sun gina rayuwarsu a wata inuwa, sun saba da ita, ba sa jin sun rasa kome. Wanda yake kuka don ya ɓata, da sauƙin samunsa. Wanda ya ɓata yana zaune lafiya, me za ka ce masa?

Akwai tsofaffi da za su ji misalin nan su sunkuyar da kai, don sun san shi tun kafin a faɗa. Ba za a yi muku ƙarya ba. Ubangiji mai jinƙai ne, yana gafarta wa uban da ya tuba, yana kuma da iko ya kama babban mutum ya juyo da shi, ya sha yin haka. Kada ku daina addu'a, kada ku daina faɗa musu gaskiya da tawali'u. Amma shekarun nan da yaro yake zaune a cinyarka, yana gaskata duk abin da ka faɗa, ba a ba kowa su sau biyu ba. Waɗansunmu za mu shiga kabari muna jiran amsa, ba mu gan ta da idonmu ba. Wannan nauyi ne, ba kuwa wanda zai sauke mana shi sai Shi.

Ku da naku suke ƙanana, yau ɗin nan za a zo ƙofarku da wata hidima mai kyau, za a ce ba wanda ya iya sai ku. Kafin ku ɗauki takalmi, ku dubi wanda yake zaune a tabarma yana kallonku. Bana yana tambayarku wane ne Allah. Wata shekara tana zuwa da ba zai ƙara tambaya ba.